Hideyo Noguchi: Likitan Japan da ya rasu a Accra yana farautar ƙwayar cutar da madubinsa ba ya iya gani

A Nima da Maamobi, idan aka ambaci Noguchi, abin da yake zuwa a ran yawancin mutane shi ne wurin gwajin korona da ke Legon. A can aka tabbatar da mutum biyun farko da suka kamu da cutar a Ghana, waɗanda gwamnati ta sanar ranar 12 ga Maris 2020. A can ne kuma aka riƙa kai samfuran da ake ɗauka a unguwanni lokacin da aka rufe masallatai, aka kuma hana zirga-zirga a Accra da Kumasi daga 30 ga watan.

Amma Noguchi sunan mutum ne. Likita ne ɗan ƙasar Japan wanda ya sauka a Accra a ƙarshen 1927 domin binciken zazzaɓin shawara, cutar kuma ta kashe shi bayan wata shida. Ya zo ne yana kare wani ra'ayi da ya riƙe kusan shekara 10, ra'ayin kuwa kuskure ne. Abin da ya ɓatar da shi shi ne abin da cibiyar da ke ɗauke da sunansa take karantawa a yau: irin ƙwayoyin cutar da ba su da komai sai ɗan saƙo a cikin kwanso, da kuma hanyar kwafar wannan saƙo.

Hannun da wuta ta ƙone

An haife shi ranar 9 ga Nuwamba 1876 a Inawashiro, cikin yankin Fukushima da ke arewacin Japan, a gidan manoma matalauta. Sunan da aka raɗa masa Seisaku. Yana da shekara ɗaya da rabi ya faɗa cikin murhun da ke tsakar ɗaki yayin da mahaifiyarsa, Shika, take aiki a waje. Hannunsa na hagu ya ƙone, yatsun suka manne da juna. Babu likita a kusa, babu kuɗin zuwa wurinsa.

Tun da mai hannu ɗaya ba zai iya noma ba, sai uwar ta dage a kan karatunsa. Wani malamin makaranta, Sakae Kobayashi, ya lura da kaifin ƙwaƙwalwar yaron, ya ɗauki nauyinsa ya ci gaba. A 1892 malamai da 'yan ajinsu suka yi karo-karo, wani likita mai suna Kanae Watanabe ya yi masa tiyata a garin Aizu-Wakamatsu, ya raba yatsun. Hannun bai dawo daidai ba, amma yaron ya ga abin da likita zai iya yi. Ya zauna a asibitin Watanabe yana yi masa hidima yana karatu, har da koyon harsunan Turai. A 1897, yana ɗan shekara 20, ya ci jarrabawar zama likita.

Ganin hannunsa zai riƙa ba shi wahala wajen duba marasa lafiya, sai ya karkata ga bincike. Ya sami aiki a cibiyar nazarin cututtuka masu yaɗuwa ta Shibasaburo Kitasato a Tokyo. A 1898 ya sauya sunansa zuwa Hideyo, bayan ya gamu da wani littafin labari wanda a cikinsa wani ɗalibin likitanci mai suna kusan irin nasa ya lalace a shashanci. Abin ya taɓa shi, domin shi ma kuɗi ba sa zama a hannunsa. Ko guzurin tafiyarsa Amurka ya kashe mafi yawansa a liyafar ban kwana, sai da maigidansa, likitan haƙori Morinosuke Chiwaki, ya ciyo bashi ya cika masa kuɗin jirgi.

Daga dafin maciji zuwa tunjere

A ƙarshen 1900 ya isa Philadelphia, ya yi sallama da Simon Flexner, wani masanin cututtuka da ya taɓa yi wa tafinta a Tokyo. Flexner bai gayyace shi ba, amma bai kore shi ba. Ya ba shi aikin nazarin dafin maciji a kan ɗan albashi. Noguchi ya riƙe aikin da hannu bibbiyu, har aka tura shi Copenhagen ta Denmak ƙarin sani. Da aka buɗe ɗakunan binciken Cibiyar Rockefeller a New York a 1904, Flexner ya tafi da shi. A nan ya yi sauran rayuwarsa ta aiki. An san shi da kwana a ɗakin bincike, yana duba ɗaruruwan samfura a dare guda. A 1912 ya auri wata Ba'amurkiya, Mary Dardis.

Babban abin da ya gano, wanda har yau ba a rushe ba, ya zo a 1913. A wancan zamani asibitocin masu taɓin hankali a Turai da Amurka cike suke da mutanen da ke fama da wani irin hauka mai haɗe da shanyewar jiki. Noguchi ya bi yankakkun ƙwaƙwalen waɗanda suka mutu da wannan ciwo, ya nuna ƙwayar tunjere, Treponema pallidum, a cikinsu. Hakan ya tabbatar da cewa ƙwayar cuta tana iya haddasa taɓin hankali. A 1926 kuma ya taimaka wajen tabbatar da cewa cututtuka biyu na ƙasar Peru, zazzaɓin Oroya da wasu ƙuraje da ake kira verruga, bakteriya ɗaya ce take kawo su. An sha gabatar da sunansa domin kyautar Nobel, ko da yake bai samu ba.

Akwai kuma tabo a tarihinsa. A 1911 da 1912 ya gwada wani ruwan gano tunjere da ya haɗa, mai suna luetin, a fatar ɗaruruwan mutane, ciki har da marayu da marasa lafiyar da ke kwance a asibiti, ba tare da an nemi yardarsu yadda ya kamata ba. An yi ta ce-ce-ku-ce a jaridun New York, amma ba a gurfanar da shi ba. Mutanen Kano da suka ga abin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan lokacin annobar sanƙarau ta 1996 sun san nauyin wannan magana. Ban da haka, ya ce ya yi nasarar renon ƙwayar tunjere a kwalba, amma sauran masana sun kasa maimaita abin.

Sau ɗaya kacal ya koma gida Japan, a 1915, bayan mahaifiyarsa, wadda da ƙyar take iya rubutu, ta aika masa da wasiƙa tana roƙon ya zo ta gan shi. Ta rasu a 1918 a annobar marisuwa.

Kuskuren Guayaquil

Tun 1881 likitan Kyuba Carlos Finlay ya ce sauro ne yake yaɗa zazzaɓin shawara, kuma ayarin Walter Reed ya tabbatar da hakan a 1900. A shekara mai bi suka nuna cewa abin da ke kawo cutar yana ratsa matacin da yake tare bakteriya. Sai dai babu wanda ya taɓa ganinsa da ido.

A 1918 Gidauniyar Rockefeller ta tura Noguchi Guayaquil ta ƙasar Ikwado. Cikin 'yan makonni ya ga wata siririyar bakteriya mai murɗe-murɗe a jinin wasu marasa lafiya da aka ce masa shawara ce take damunsu. Ya raɗa mata suna Leptospira icteroides, ya sanar cewa ya kama mai laifi, ya kuma haɗa riga-kafi da aka yi wa dubban mutane a ƙasashen Latin Amurka.

Inda gizo yake saƙar shi ne, cututtuka da yawa suna sa ido ya yi rawaya. Ɗaya daga cikinsu ita ce cutar Weil, wadda ake ɗauka daga ruwan da fitsarin ɓera ya gurɓata. Ƙwayarta ce Noguchi ya gani. A 1926 Max Theiler da Andrew Sellards na jami'ar Harvard suka nuna cewa ƙwayar Noguchi da ta cutar Weil ba su da bambanci. Riga-kafinsa ba ta kare kowa daga shawara.

Jinin Asibi

A lokacin Rockefeller ta kafa ayarin binciken shawara na Afirka ta Yamma a Yaba, Legas, ƙarƙashin Henry Beeuwkes. Sun duba jinin marasa lafiya da dama, ba su ga ƙwayar Noguchi ba. A ƙarshen Yunin 1927 wani likitan ayarin, Alexander Mahaffy, ya ɗebi jinin wani mutum mai shekara 28 a garin Kpeve na Gold Coast, wato Ghana ta yanzu. Sunansa Asibi, sunan da ba baƙo ba ne a kunnen mutanen zango, don ya yi kama da Asabe. Zazzaɓinsa bai yi tsanani ba, ya warke. Amma da aka sa jininsa a jikin wani biri irin na Indiya, birin ya kamu ya mutu.

Adrian Stokes da Johannes Bauer da Paul Hudson suka ci gaba da ɗaukar cutar daga biri zuwa biri, ta jini da kuma ta cizon sauro. Suka tabbatar cewa tana ratsa mataci, kuma babu bakteriyar Noguchi a ciki. A watan Satumba Stokes ya kamu da cutar a ɗakin bincike, ya rasu a Legas. A shekarar ce kuma masanan Cibiyar Pasteur ta Dakar suka kama irin wannan ƙwaya a jinin wani mara lafiya a Senigal.

Wata shida a Accra

Noguchi ya ga aikinsa na shekaru yana rushewa, sai ya yanke shawarar zuwa ya gani da idonsa. Abokansa sun so hana shi, domin ya haura 50 kuma yana fama da ciwon suga. Ya iso Accra a Nuwamban 1927. An ba shi wuri a cibiyar binciken lafiya da ke Korle Bu, kusa da asibitin da gwamna Gordon Guggisberg ya buɗe a 1923. Shugaban cibiyar, William Alexander Young, ya karɓe shi ya taimaka masa.

Accra ta wancan lokaci ƙaramar alƙarya ce idan aka gwada da ta yau. Nima ba ta kafu ba tukuna, sai a farkon shekarun 1930 da Malam Futa ya sauka a wurin. Hausawa da sauran fatake suna zaune ne a tsohon zango na cikin gari da kuma Sabon Zango na Malam Bako, wanda ba shi da nisa da Korle Bu. Turawan mulki kuwa, saboda tsoron shawara da zazzaɓin cizon sauro, sun ware unguwarsu nesa da 'yan ƙasa.

Noguchi ya tara birai ɗaruruwa, yana aiki yawanci da dare, ba ya son a sa masa baki. A farkon 1928 ya kwanta rashin lafiya, ya ɗauka shawara ce mai sauƙi ta kama shi, don haka ya tsira daga gare ta. Bai ga bakteriyarsa ta Guayaquil ba. Ya koma zargin wata bakteriyar dabam da yake gani a samfuransa, ita ma ba ita ba ce.

A watan Mayu, yana shirin komawa New York, ya je Legas domin tattaunawa da masanan Yaba. A can zazzaɓi ya fara. Aka dawo da shi Accra ta jirgin ruwa, aka kwantar da shi a asibitin Turawa. Ya rasu ranar 21 ga Mayu 1928 yana da shekara 51. Young ya binciki gawar, ya tabbatar shawara ce. Ranar 29 ga watan shi ma ya rasu da cutar. An binne Noguchi a maƙabartar Woodlawn da ke New York.

Abin da ya gagari madubi

Noguchi gwanin madubin likita ne, kuma ya yarda cewa duk abin da yake kawo cuta, mai haƙuri zai gan shi. Amma madubin da ke aiki da haske yana da iyaka. Idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan, kowane kaso shi ne nanomita. Madubin haske ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200. Ƙwayar shawara kuwa faɗinta kamar nanomita 50 ne, sai an jera 20,000 kafin su cika milimita guda. Madubin lantarki da zai iya nuna irinta sai a 1931 aka ƙirƙiro shi a Jamus, shekara uku bayan rasuwarsa.

Bambancin kuma ya wuce na girma. Bakteriya halitta ce mai ci, mai girma, mai rabuwa biyu da kanta, shi ya sa ake iya renonta a kwalba da ruwan abinci kamar yadda Noguchi ya saba. Bairos kuwa, irin na shawara ko na korona, saƙo ne kawai da aka rubuta da haruffa huɗu na sinadari a kan wani zare da ake kira RNA, aka naɗe shi a kwanso. A waje ba ya motsi, ba ya hayayyafa. Sai ya shiga cikin ƙwayar halittar mutum ko dabba, ya sa ta yi masa aiki. Saƙon bairos ɗin shawara haruffa kusan 11,000 ne. An karanta shi kakaf a 1985.

Yadda korona take kwafar kanta

Ƙwayoyin jikin mutum ba su da abin kwafar RNA daga RNA. Don haka dole bairos ya zo da bayanin yadda za a ƙera masa nasa. A wannan fanni dangin korona sun fi kowa shiri. Saƙonsu haruffa kusan 30,000 ne, yana cikin mafi tsawo a duk bairos masu RNA, kuma kashi biyu cikin uku nasa bayani ne a kan kayan kwafi.

Da korona ta shiga ƙwayar jiki, sai ƙwayar ta karanta saƙon, ta ƙera wasu dogayen furotin guda biyu. Sassa biyu na cikinsu, nsp3 da nsp5, suna aiki kamar almakashi, su yanyanka su gida 16. Daga cikinsu nsp12 shi ne magatakarda: yana bin zaren harafi bayan harafi yana rubuta kishiyarsa, sannan daga wannan kishiya a buga sababbin kwafi masu yawa. nsp7 da nsp8 suna riƙe masa zaren don kada ya suɓuce, nsp13 kuma yana warware inda ya sarƙe. Duk wannan yana gudana ne a cikin wasu 'yan jakunkuna masu bango biyu da bairos ɗin yake ginawa da fatar cikin ƙwayar, inda garkuwar jiki ba ta saurin ganewa.

Duk mai kwafar littafi da hannu yana tsallake harafi ko ya musanya shi. Yawancin bairos masu RNA ba su da mai duba musu. Korona tana da shi: nsp14, tare da taimakon nsp10, yana cire harafin da aka sa ba daidai ba. Wannan ne ya ba ta damar riƙe dogon saƙo ba tare da ya lalace ba. Duk da haka wasu kurakuran suna kuɓucewa, kuma idan mutane miliyoyi suka kamu, daga cikinsu ake samun sababbin nau'i kamar Delta da Omicron.

Sanin waɗannan sassa ya zama makami. Maganin remdesivir yana shiga hannun nsp12 kamar harafi na gaske, sai ya cije masa aiki. Maganin Paxlovid yana toshe almakashin nsp5. Wasu daga cikin gwaje-gwajen PCR na farko ma, sashen saƙon da ke ɗauke da bayanin magatakardan suke nema a cikin majinar da aka ɗauka. A watan Afrilun 2020 masanan Cibiyar Noguchi da takwarorinsu na WACCBIP a Jami'ar Ghana suka sanar cewa sun karanta saƙon korona daga samfura 15 na cikin ƙasar.

Bairos ɗin shawara yana da nasa magatakardan, NS5, amma ba shi da mai gyara. Daga kurakuransa aka sami riga-kafi. Max Theiler, wanda ya koma Rockefeller, ya ɗauki ƙwayar da aka samo a jinin Asibi, ya yi ta renonta a tsokar tayin ɓera, sannan ta ɗan tsako, yana sauya mata mazauni fiye da sau 100. Kurakuran kwafi suka taru har ta rasa kaifinta, amma jiki yana gane ta ya shirya. Wannan ita ce 17D, wadda Theiler da Hugh Smith suka bayyana a 1937, ta kuma kawo wa Theiler kyautar Nobel a 1951. A ƙasashen da Faransa ta mallaka, ciki har da Nijar, an daɗe ana yin lamba a damtse da wata riga-kafin da aka samo daga ƙwayar Dakar, har aka daina ta a farkon shekarun 1980 saboda tana taɓa ƙwaƙwalwar wasu yara. Yau duk allurar shawara da ake yi a duniya, har da wadda Cibiyar Pasteur ta Dakar take sarrafawa, asalinta jinin mutumin Kpeve ne.

Abin da ya bari

A 1979 gwamnatin Japan ta gina wa Jami'ar Ghana cibiyar binciken lafiya ta Legon don tunawa da shi. A Korle Bu akwai ɗan lambu da mutum-mutuminsa. Hotonsa ya hau takardar kuɗin Japan ta yen 1,000 a 2004, har zuwa 2024 da aka fitar da sabuwa mai hoton tsohon maigidansa Kitasato. Japan ta kuma kafa kyautar Noguchi domin aikin lafiya a Afirka. Waɗanda suka fara samunta a 2008 su ne Miriam Were ta Kenya da Brian Greenwood, wanda ya yi shekaru yana binciken sanƙarau a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Cutar da ta kashe shi kuwa tana nan. Ta ɓulla a Alkaleri ta jihar Bauchi a 2019. A ƙarshen 2021 ta kashe mutum fiye da 30 a Ghana, akasari a yankin Savannah, cikin makiyaya masu ƙetare iyaka waɗanda ba a yi musu riga-kafi ba. Har yanzu babu maganin da yake kashe wannan bairos, kuma kusan rabin waɗanda cutar ta kai su mataki mai tsanani ba sa tashi. Sauron da ke yaɗa ta a birni, Aedes aegypti, da rana yake cizo, kuma ya fi son ƙwai a ruwa mai tsabta da aka ajiye a buɗe: randa, duro, jarka, tsohuwar taya. A unguwannin da famfo ba ya zuwa kullum, kamar Nima da Maamobi, rufe mazubin ruwa da wanke shi kowane mako kariya ce ta gaske.

Allura ɗaya tana kare mutum har ƙarshen rayuwarsa, kuma tun Yulin 2016 dokokin lafiya na duniya suka amince katin shawara ba ya ƙarewa. Ana neman katin a shiga Ghana da Nijar, haka nan Saudiyya tana nemansa daga maniyyatan yankinmu. Direba ko ɗan kasuwar da ke bin hanyar Accra zuwa Yamai ko Kano, idan ya sayi katin a bayan fage ba tare da an yi masa allurar ba, zai iya wuce jami'in kan iyaka, amma jikinsa a buɗe yake ga cutar da ta kashe Stokes da Noguchi da Young cikin wata tara, dukkansu likitocin da suka san ta fiye da kowa a zamaninsu.